Desil, koko ko lauril: wane gulukosaid za ki saya, kuma yaushe Texapon ya fi dacewa?

Duk wadda ta koyi haɗa sabulun ruwa a Kano ko Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan, kusan jerin kaya ɗaya aka rubuta mata a takarda: nitrosol, kostik soda, soda ash, salfonik asid, Texapon da SLS (sinadaran da ke ba da kumfa da ƙarfin wanki), fomalin, kala da turare. Da wannan haɗin ake wanke kwanuka da daɓe da mota, kuma yana yin aikinsa. Inda ake samun tangarɗa shi ne ranar da wata ta ce a yi mata na wanke fuska, ko na kan 'yarta da ke susa dare da rana. Sai mai sana'a ta ɗauko haɗin kwanukan nan, ta rage kostik, ta ƙara gilisarin, ta sauya masa kwalba. Fata kuwa ba kwano ba ce, kuma ita za ta fara nunawa.

Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu muka koma neman gulukosaid, wasu sinadaran wanki masu sauƙi a fata da ake haɗawa daga sukari da man tsiro. A jikin jarka ko bayan kwalbar shamfu za ki ga sunayensu da rubutun Turanci: Decyl Glucoside, Coco Glucoside, Lauryl Glucoside. 'Yan gida ɗaya ne, amma halinsu ya bambanta, kuma kuɗinsu ya fi na Texapon nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin ki zuba jarinki, 'yar'uwa, ya kamata ki san wanne ne ya dace da abin da kike son haɗawa, ki kuma san inda ba kya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu.

Duk wani abin wanki, daga sabulun salo har shamfun kanti, aiki ɗaya yake yi. Kowane ƙwayarsa yana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyar ta kama maiƙo da dauɗar da ta manne masa, kan ya riƙe ruwa, in kin ɗauraye su tafi tare. Bambancin yana wajen kan nan. Na sabulu da SLS da Texapon yana ɗauke da caji irin na lantarki, shi ya sa suke manne wa furotin ɗin saman fata, su kumbura shi, su kwashe man da ke tsare danshi. SLS ya yi ƙaurin suna a nan, har likitocin fata da shi suke amfani a ɗakin bincike idan suna son tsokano fata da gangan don gwaji. Kan gulukosaid kuwa sukari ne, ba shi da caji ko kaɗan, don haka ba ya manne wa fata irin wancan mannewar. Ana samun sukarin daga sitacin masara ko alkama ko dankalin Turawa, wutsiyar kuma daga man kwakwa ko alayyadi.

Ba sabon abu ba ne a ilimi. Bajamushen nan masanin sinadarai, Emil Fischer, shi ya fara haɗa sukari da sinadarin alkohol ta wannan hanya tun 1893. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin a iya sarrafa shi da yawa a farashin da kasuwa za ta ɗauka: kamfanin Henkel ya buɗe masana'antarsa a Sinsinati ta Amurka a 1992, ya ƙara wata a Dusuldof ta Jamus a 1995. Wannan ɓangaren na Henkel ya koma kamfanin Cognis, wanda BASF ta saye a 2010. Shi ya sa za ki ji masu sayar da sinadarai suna kiransu da sunan Plantacare: lamba 2000 shi ne desil, 818 koko, 1200 lauril. Wasu kamfanonin ma suna yin su, musamman a Sin, da nasu sunayen.

Bambancin ukun daga tsawon wutsiya yake

Desil wutsiyarsa ta fi gajarta. Mafi yawan ƙwayoyinsa suna da kabon, wato tubalan da ake jerawa a gina wutsiyar, 8 zuwa 10 a jere, da 'yan dogaye a gauraye. Ruwa ne mai ɗan kauri, launin ruwan zuma fari-fari, yana zubuwa ba wahala ko da hunturu. Kumfarsa tana tashi nan take, ta cika hannu, sai dai ba ta daɗewa take faɗuwa. Idan abin da za ki yi na wanke fuska ne, ko irin ruwan nan da ake zubawa a kwalba mai famfon da ke fitar da kumfa, desil ne ya fi sauƙin sha'ani, domin a nan ba kya neman kauri, kumfa mai saurin tashi kike nema.

Lauril shi ne a ɗaya ƙarshen, kabon 12 zuwa 16. Ba ya zubuwa kamar 'yan uwansa. Da sanyi ya shigo za ki buɗe jarka ki tarar ya daskare fari tas kamar man kaɗe, har wata ta ɗauka ya lalace ta zubar. Bai lalace ba. Ki tsoma jarkar a ruwan ɗumi, kamar digiri 40 zuwa 50, ki juya shi sosai har ya haɗe jikinsa kafin ki ɗiba, domin idan kin ɗebi na sama kin bar na ƙasa, abin da kika auna ba shi ne ya shiga haɗin ba. Kumfarsa ba ta kai ta desil yawa ba, amma tana da laushi kuma tana zama. Babban amfaninsa shi ne yana taimaka wa haɗi ya yi kauri, musamman idan akwai Texapon ko betayin (wani sinadarin wanki mai sauƙi a fata) a ciki. Yana kuma cire maiƙo da kyau. Ni dai ba na ba wa mai koyo shawarar ta fara da shi, saboda wahalar narkarwa da aunawa, amma wadda ta riga ta goge kuma take yin shamfu da yawa za ta ga amfaninsa.

Koko yana tsakiya. Wutsiyoyinsa gauraye ne daga kabon 8 har 16, kusan yadda suke a man kwakwa. Yana zubuwa, yana kumfa daidai gwargwado, kumfar tana ɗan zama, kuma yana shiga shamfu da ruwan wanka da na hannu duka. Idan kuɗin abu ɗaya kawai gare ki, koko za ki saya. Na faɗi haka ne domin ƙaramar mai sana'a ba ta san abin da za a nema wajenta gobe ba, kuma jarkar koko ɗaya za ta fitar da ke a kusan duk abin da aka nema, ko da ba ita ce ta fi kowa a kowane fanni ba.

Akwai na huɗu da za ki iya cin karo da shi, kafrilil-kafril gulukosaid, mai wutsiya kabon 8 zuwa 10 zalla. Shi an fi sayen sa don narkar da ɗan turare mai maiƙo a cikin ruwa. Ba shi za ki gina shamfu a kansa ba.

Abin da ya fi zaɓen sunan muhimmanci

Akwai abin da ya haɗa su duka, kuma shi ne abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa: yadda suke zuwa a jarka, suna da kaifin kanwa sosai. Ma'aunin pH ɗinsu, wato awon tsami da kaifin kanwa inda 7 ne tsakiya, yana wajen 11.5 zuwa 12.5. Da gangan masana'anta ke barin su haka don kada ƙwayoyin cuta su rayu a ciki yayin ajiya. Fatar ɗan Adam kuwa tana wajen 4.5 zuwa 5.5, wato tana da ɗan tsami. Sabulun gari ma da muke cewa yana busar da fata, tsakanin 9 da 10 yake. Kin ga ke nan wadda ta sirka gulukosaid da ruwa ta zuba a kwalba ba tare da ta sauko da pH ba, tana iya miƙa wa mutane abin da ya fi sabulun da suke gudu kaifi.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Wanda ya sayar mini da jarkar farko ya ce daga tsiro aka yi shi, ba ya buƙatar komai sai ruwa da turare. Na haɗa, na ba ƙanwata ta gwada. Kwana huɗu ta zo mini fuska a ɗaure, gefen hancinta yana saɓa, ta ce, “Yaya, wannan abin naki yana yi mini raɗaɗi.” Har yau ina jin ciwon abin, domin amana ta ɗauka ta shafa. Tun ranar ban sake rufe kwalba ba sai na tsoma takardar awon pH.

Gyaran ba shi da tsada. Ki narka sitirik asid, wato gishirin lemon tsamin nan da ake sayarwa, a cikin ruwa, rabi da rabi. Bayan kin gama haɗa komai, ki riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan kina juyawa kina aunawa, har takarda ta nuna tsakanin 5 da 5.5. Wannan ne babban fifikon gulukosaid a kan sabulu na gaskiya. Sabulun salo ko na kostik, in kika matsa masa da tsami don ya sauko daidai da fata, wargajewa yake yi, ya koma maiƙo, ya daina wanki. Gulukosaid yana sauka ya ci gaba da aikinsa.

Da kin sirka shi kin sauko da pH, kariyar da yake da ita ta tafi. Ruwa ne da sukari a ƙasa mai zafi, dole a sa maganin hana lalacewa wanda aka yarda da shi a kayan shafa. Fomalin ɗin da ake zubawa a sabulun kwanuka ba shi da gurbi a abin da zai taɓa fuska ko kan yaro. Idan sodiyam benzowet ko fotasiyam sobet kika samu, ki sani sai cikin tsami suke aiki, don haka ki tsayar da haɗinki a 5 ko ƙasa kaɗan. In ya haura haka, suna ciki amma ƙarfin kariyarsu yana raguwa sosai.

Sai maganar kauri, wadda ke karya wa mutane da yawa gwiwa. Mun saba mu watsa gishiri a Texapon mu ga ya kama jikinsa nan take. Gishiri yana yin haka ne ta hanyar cajin da ke kan ƙwayoyin, gulukosaid kuwa ba shi da cajin, don haka ko kin juye masa gishirin gidan duka, tsararo zai zauna. Mafita ita ce zantan gam, wani gari da ke sa ruwa ya yi kauri. Ki fara dama shi da gilisarin kafin ya taɓa ruwa, in ba haka ba zai yi gudaji irin na kunun da aka yi wa gaggawa. In ya yi yawa kuma sai haɗin ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, masu saye ba sa so. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 yakan wadatar.

Gulukosaid da Texapon: ina kowanne ya fi?

Ba na cikin masu cewa Texapon guba ne. Sinadarin da ake kira SLES ne, ɗan uwan SLS, kuma an sarrafa shi ya fi SLS sauƙi a fata. Yana da kumfa mai yawa, yana kauri da gishiri, kuma araharsa ba ta tsaya a farashin kilo ba. Texapon N70 kashi 70 cikin 100 nasa sinadarin wanki ne, gulukosaid kuwa kusan rabi ne, sauran ruwa. In kin auna giram 100 na koko, abin da ke wanki a ciki bai wuce giram 50 da 'yan kai ba. Ki sa wannan a lissafi kafin ki yanke farashin kwalba, don kada ki sayar da asara kina murna.

A kan gashi, musamman irin namu, gaskiyar ba ta yi wa gulukosaid daɗi sosai ba. Mace ta yi sati uku ko huɗu da kitso, ana shafa man kitso mai basilin, ƙura tana hawa, ga gumi a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi. Ranar tsifa kan yana buƙatar wanki na gaske. Gulukosaid shi kaɗai yana cire maiƙo, har ma fiye da yadda ake zato, amma yakan bar gashi da kaushi, ya cukurkuɗe, mataji ya ƙi shiga. Gashin da ya cukurkuɗe wajen taza yake karyewa, don haka shamfun da bai yi wa fatar kai komai ba yana iya jawo zubar gashi ta wata hanyar. Abin da na ga ya fi aiki shi ne gauraye: Texapon kaɗan, koko ko lauril, da betayin. Gulukosaid da betayin suna rage kaifin Texapon, shi kuma ya ba da kumfa da kaurin da mai saye ke nema, kuɗin kuma ya sauko.

Idan kin ƙudura ba za ki sa Texapon ko kaɗan ba, to ki nemi abin da zai ba gashi santsi. A nan rashin cajin gulukosaid ya zama alheri, domin yana zama lafiya da sinadaran laushin gashi irin su guwa gam mai caji da folikwataniyam 10. Akwai kuma wani haɗi na BASF mai suna Lamesoft PO 65, koko gulukosaid ne da gilisaril oliyet, wanda ke mayar wa fata ɗan maiƙo bayan wanki. Iyayenmu sun riga mu gano wannan matsalar ta santsi. Shi ya sa suke jiƙa karkashi su wanke kai da shi, gashi ya warware ba tare da an yi kokawa da shi ba. Har yanzu ina gaya wa masu sayen shamfuna su bi shi da ruwan karkashi ranar tsifa, sabon jiƙo, ba wanda ya kwana ba.

Ga wadda ke shafa man miƙar da gashi, maganar pH ta fi ta kowa muhimmanci. Man nan kaifinsa ya kai 12 ko sama, ya riga ya buɗe ɓawon gashi ya raunana shi. In aka bi shi da sabulu mai kaifin kanwa kowane sati, ɓawon ba zai kwanta ba. Irin wannan kan shi ya fi cin moriyar shamfu mai ɗan tsami.

Sai ruwa. A unguwannin da rijiya ko burtsatse ke ba da ruwan zartsi, kowa ya san yadda sabulu ke ƙin kumfa, ya bar farin dusa-dusa a jikin bokiti. Ma'adinan kalsiyam da maganiziyam da ke cikin ruwan ne ke kama sabulun, kuma irin dusar da kike gani a bokiti tana zama a fata da gashi. Gulukosaid bai damu da zartsi ba. Texapon ma yana jurewa sosai. Sabulun salo ne ke shan kashi a nan, duk da ƙaunar da nake masa a wajen wankan jiki da damina.

Betayin da na ambata, cikakken sunansa kokamidofurofil betayin, mai fuska biyu ne, cajinsa yana sauyawa gwargwadon pH. Yakan zo da ƙarfin kashi 30 cikin 100. Shi kaɗai ba ya wanki sosai, amma da wuya ki ga haɗi mai kyau da babu shi. Ga yadda nake yin ruwan wanka mai sauƙi na kilo ɗaya: koko gulukosaid giram 120, betayin giram 100, gilisarin giram 30, zantan gam giram 8, maganin hana lalacewa gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta, sauran kuma tataccen ruwa, sannan a daidaita pH. Jimillar sinadarin wankin da ke ciki tana wajen kashi 9 cikin 100. Na fuska nakan rage, in sauya koko da desil. Da sikeli ake wannan aikin, ba da ludayi ko murfin jarka ba. Ki kuma kiyaye idonki lokacin aunawa, domin ɗanyen gulukosaid in ya fantsama a ido yana iya yin lahani mai tsanani.

Wanda bai kamata a ce masa “ba ya cutar da kowa” ba

Ana yawan tallata gulukosaid da cewa tunda daga masara da kwakwa yake, babu wanda zai dama. Ba haka ba ne. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa abu ke jawowa ta zaɓi dangin gulukosaid a matsayin sinadarin da ta fi jan hankali a kansa a shekarar, saboda ƙaruwar mutanen da fatarsu ke yi masa bore. Betayin ma an taɓa zaɓen sa haka a 2004. Masu irin wannan boren ba su da yawa, amma akasari su ne masu fata mai saurin ƙaiƙayi da bushewa, wato mutanen da aka fi tura wa waɗannan kayan tun farko. Wanda jikinsa ya ƙi desil, sau da yawa yakan ƙi koko da lauril ma, don haka sauya ɗaya da ɗan uwansa ba ya warware matsalar. An fi ganin boren a kayan da ake shafawa a bari, kamar man kare zafin rana, fiye da waɗanda ake ɗaurayewa.

Abin da nake gaya wa duk mai irin wannan fatar shi ne ta wanke ɗan wuri a cikin gwiwar hannunta da haɗin, sau ɗaya a rana, kwana uku ko huɗu, kafin ta kai shi fuska, domin irin wannan boren ba nan take yake fitowa ba. In wurin ya yi ja, ko ƙananan ƙuraje suka feso, ta daina, ta je wajen likitan fata da kwalbar a hannunta. Turare ma yana cikin manyan masu tayar da fata, don haka na masu wannan matsalar ba na sa masa ko ɗigo, ko da za a ce ba ya ƙamshi.

Jarirai kuwa ba na haɗa musu komai. A makonnin farko ruwan ɗumi zalla ya ishe su, kuma abin da ma'aikatan lafiya da yawa ke faɗa ke nan. In jariri ya girma kaɗan ana son abin wanka, gara uwa ta sayi wanda ke da lambar NAFDAC, wanda aka gwada shi a kan ido da fata, ta duba bayan kwalbar. In ta ga desil ko koko gulukosaid da betayin a sahun farko bayan ruwa, ba ta ga SLS ba, turare kuma yana can ƙarshen jeri ko babu shi sam, ta samu abin da take nema. Ke ma da kike son sayar da naki a kanti da sunanki a jiki, rajistar NAFDAC tana kanki, kuma za a tambaye ki abin da kika zuba da adadinsa, saboda haka ki riƙa rubuta awon kowane haɗi da pH ɗinsa da ranar da kika yi shi a littafi tun daga kwalbar farko.